Me Ya Sa Rago Ke Tsada Da Sallah, Wasan Kwamfuta Ke Araha Da Kirsimeti?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

  

Yau da tambaya na zo muku. Duk wanda ya taɓa shiga kara ana saura mako guda Babbar Sallah ya san yadda ake kwashewa da dillalai. Ragon da ka taya wata biyu baya, yau ka tambayi kuɗinsa sai ka riƙe baki. Haka shadda take a Kantin Kwari in azumi ya raba tsakiya, haka kuɗin ɗinki, haka kuɗin mota ranar jajibere. Mun saba da cewa in biki ya matso kaya hawa suke yi. To amma akwai wata kasuwa a duniya da ke yin akasin haka. Da zarar bikin Kirsimeti ya ƙarato, sai ta zubar da farashi warwas: abin dala 60 ya koma 30, ya koma 15, wani ma ya koma dala 5. Kasuwar wasannin kwamfuta ke nan, abin da yaranmu ke kira gem.

Na san wani dattijo zai ce, "Ni ina ruwana da gem?" Baba, ka ɗan ba ni aron kunnenka. Jikanka da ke ɗaki da kwamfuta yana da ruwa da shi, kuma dabarar da ake yi masa ita ce dai ake yi maka a saƙon garabasar da kamfanin waya ke turo maka da sassafe. A kasuwar gem ne kawai abin ya fi fitowa fili, shi ya sa na zaɓe ta.

Babban shagon da ake sayen wasannin kwamfuta a intanet sunansa Steam. Mallakar wani kamfani ne a Amurka mai suna Valve, wanda Gabe Newell da abokinsa Mike Harrington suka kafa a 1996 bayan sun bar aiki a Microsoft. An buɗe shagon a watan Satumba na 2003. Ba shi da kanta, ba shi da sito, ba shi da yaron shago. Ka biya da katin banki, ka sauke wasan a kwamfutarka, shi ke nan. Girmansa ya kai a watan Maris na 2025 an samu mutum sama da miliyan 40 suna cikinsa a lokaci guda. Sau huɗu a shekara yake buɗe babbar garabasa, amma biyu ne suka fi tashe: ta ƙarshen watan Yuni, da ta hunturu wadda kan fara wajen 20 ga Disamba ta ɗauki mako biyu har cikin sabuwar shekara. Shagunan PlayStation da Xbox su ma suna yin tasu, musamman a ranar da Amurkawa ke kira Black Friday, wato Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Sunan na nufin baƙar Juma'a, abin da bai yi wa Musulmi daɗin ji ba, har wani kantin intanet na Dubai mai suna Souq ya mayar da ita Farar Juma'a a 2014.

To mu koma kan tambayarmu. Me ya raba rago da gem?

Rago guda ne. In Alhaji ya saya, Malam ba zai samu ba. An yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa, an biya kuɗin mota an kawo shi, kuma ko masu saye sun ninka goma, ragunan da ke kara ba za su ninka ba cikin dare ɗaya. Mai shadda ma haka: kowane yadi da kuɗi ya saro shi, in ya sayar ƙasa da yadda ya saro ya ci uwar kuɗi. Shi kuwa wasan kwamfuta, duk wahalarsa da tsadarsa a na farko suke. Babban wasa kan ci shekaru huɗu ko biyar, ɗaruruwan ma'aikata, da miliyoyin daloli kafin ya fito. Amma da ya fito, na biyu ba ya cin komai. Na miliyan ɗaya ma ba ya cin komai, in ban da ɗan kuɗin wuta da na'urorin da ke aika shi. Ka ɗauka mai kiwo ne da zai iya shafa ragonsa ya zama biyu, ya sake shafawa ya zama dubu, ba dusa ba harawa. Irin wannan mutum ko naira ɗari ka ba shi riba ce.

Mu yi lissafi a kan dala 15 ɗin nan. Steam yakan cire kashi 30 cikin 100 a matsayin la'adarsa, dala huɗu da rabi ke nan. Dala goma da rabi ta tafi wurin masu wasan, kafin haraji. Tun ƙarshen 2018 la'adar kan sauka zuwa kashi 25 in cinikin wasa ya wuce dala miliyan 10, ta sauka zuwa kashi 20 in ya wuce miliyan 50. Ko ta yaya aka juya, babu wanda ya faɗi. Dala goma da rabi daga hannun mutumin da ba zai taɓa biyan 60 ba, tsintuwa ce.

Sai wani ya ce, to in haka ne me ya hana su sa shi dala 15 tun ranar farko kowa ya huta? Nan ne zancen ya yi daɗi, kuma ina so ku bi ni a hankali, don wannan shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau.

Ga misali, ni na ƙirƙiro shi don mu fahimta. Mutum 100 ne ke sha'awar wani wasa. Goma daga cikinsu sun ƙagu, tun bara suke jira, za su biya dala 60 ba tare da sun ƙifta ido ba. Talatin suna so, amma ba za su wuce dala 30 ba. Sauran sittin sai in ya sauko 15. Idan mai wasa ya kafe a kan 60, mutum goma za su saya, ya tashi da dala 600. Idan ya sa 30, mutum arba'in za su saya, dala 1,200. Idan ya sa 15, duka ɗarin za su saya, dala 1,500. Kamar dai 15 ɗin ta fi, ko? To saurara. Ya fito da shi a kan 60, goman nan suka biya, 600. Bayan wata shida garabasar Yuni ta zo ya yi ragin rabi, talatin suka biya 30, an samu 900. Disamba ta zagayo ya sauke zuwa 15, sittin suka biya, an sake samun 900. Haɗa duka: dala 2,400. Mutanen nan ɗari su ne dai, wasan ma shi ne, amma kowa an karɓi iyakar abin da zai iya fitarwa.

Ɗan kasuwarmu ya san wannan tun kaka da kakanni, sunanta tayi. Ka tsaya gaban rumfarsa, kafin ka gama sallama ya dubi takalminka, ya dubi agogonka, ya ga ko da mota ka zo. Ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya ce dawo, kawo kuɗi. Abin da ya sayar wa mai babbar riga dubu goma, ya sallama wa ɗalibi a dubu shida, kuma duka biyun ya ci riba. Shagon intanet ba ya ganin takalminka, farashi ɗaya yake rubutawa kowa ya gani. Saboda haka sai ya nemi wani ma'auni, ya samu haƙuri. Mai gaggawa ya biya da yawa, mai jira ya biya kaɗan. Ranakun biki kuwa su ne lokacin da 'yan makaranta ke hutu, aka ba yara kuɗin kyauta, aka saya musu sabuwar kwamfuta, kowa yana gida sanyi ya hana fita. In za ka kira masu jira su zo gaba ɗaya, babu lokacin da ya fi wannan.

Gabe Newell da kansa ya taɓa fito da alƙaluman a fili, a wani taron masu sana'ar da aka yi a Las Vegas cikin Fabrairun 2009. Ya ce a garabasar ƙarshen shekarar da ta gabata, wasannin da aka rage wa kashi 10 kuɗin da suka shigo ya ƙaru da kashi 35. Waɗanda aka rage wa kashi 25, ya ƙaru da kashi 245. Ragin rabi ya kawo ƙarin kashi 320. Ragin kashi 75 kuwa ya kawo ƙarin kashi 1,470. Ku lura, kuɗin da ya shiga aljihu ake nufi, ba yawan wasannin da aka sayar ba. Wato wanda ya fi kowa zubar da farashi shi ne kuɗinsa ya fi na kowa ƙaruwa, ninki goma sha biyar da wani abu. Ya kuma ba da labarin wasansu mai suna Left 4 Dead, da suka yi wa ragin rabi na ƙarshen mako guda, ciniki ya tashi da kashi 3,000, har ya zarce na lokacin da wasan ya fito sabo.

Don haka in ka ga kashi 75 an rubuta da koren launi, ba sadaka ake yi maka ba. Ciniki ne, kuma ciniki halal ne. Ni ban ga laifin wannan tsari ba. Shi ya ba yaron da ba shi da hali damar buga wasan da ɗan mai kuɗi ya buga shekara biyu baya, a kan rubu'in kuɗin, ba tare da ya je an loda masa na sata mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta ba. Wasa kamar The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya fitar a 2015, ya sayar da sama da kwafi miliyan 50, kuma shekara da shekaru ana samunsa da ragi mai tsoka a irin waɗannan ranaku. Inda nake da damuwa wani wuri ne daban.

(Gajeren kiɗa)

Wani Disamba, sanyi ya sauko sosai, na je gidan ƙanwata bayan sallar isha'i. Ɗanta, matashi mai hankali da ke ɗan taɓa aikin zanen katin biki da kwamfuta yana samun na kashewa, ya ja ni ɗakinsa yana murna. Ya buɗe kwamfutar, hasken ya cika ɗakin. Shafin duk ado ne na dusar ƙanƙara, kowane wasa da ɗan koren tambari a gefensa, tsohon farashi an ja masa layi, sabo yana ƙasa da manyan lambobi.

Ya ce, "Kawu, dubi wannan. Dala 60 ne fa, na same shi a 15. Na ci ribar dala 45."

Na ce, "Madalla, ɗana. Ina dala 45 ɗin take, in gani?"

Ya yi dariya, sannan ya yi shiru. Na ce ya nuna mini jerin wasannin da ya mallaka. Muka ƙirga tare, ashirin da uku. Shagon yana rubuta awannin da mutum ya yi a kan kowane wasa, don haka ba sai na tambaye shi ba. Shida ya taɓa buɗewa. Sauran goma sha bakwai suna nan kamar atamfar lefe a ƙasan akwati, ko ninkinsu ba a warware ba. Ban yi masa faɗa ba, don kuɗin guminsa ne, kuma na ga yadda fuskarsa ta sauya tun kafin in ce komai. Amma abin ya tsaya mini a rai, saboda na san dare nawa yake kwana yana aiki kafin ya haɗa dala 15.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2014 mujallar fasaha ta Ars Technica ta yi nazarin asusun masu amfani da Steam, ta gano cewa kusan kashi 37 cikin 100 na wasannin da mutane suka mallaka ba a taɓa kunna su ba ko sau ɗaya. Fiye da ɗaya cikin uku. Hausawa suka ce araha ba ta ado, to wannan arahar ko sa ta a jiki ba a yi ba.

Me ke sa mai hankali ya yi haka? Lambar nan da aka ja wa layi. Ita ce ke yin aikin. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji a 1974. Suka juya wata ƙafar caca mai lambobi a gaban mutane, alhali sun saita ta ba ta tsayawa sai a kan 10 ko 65. Sannan suka tambayi kowa: cikin ƙasashen da ke Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10, amsarsu ta tsaya wajen kashi 25. Waɗanda suka ga 65, tasu ta tsaya wajen kashi 45. Lambar caca ce, kowa ya san ba ta da alaƙa da tambayar, amma ta ja tunaninsu kamar yadda turke ke riƙe akuya: tana iya zagayawa, ba ta iya yin nisa. To ina ga lambar da aka ce maka ita ce ainihin kuɗin kaya? Da ɗan ƙanwata ya ga 60, sai 15 ta zama ba komai ba a idonsa. Bai tambayi kansa ko wasan ya cancanci dala 15 a wurinsa ba. Ya auna ta da 60 ne kawai.

Mu kanmu masu saye muna son wannan turken, gaskiya ɗaya ce. A Amurka akwai wani tsohon kantin tufafi mai rassa da yawa, JC Penney. A farkon 2012 sabon shugabansa Ron Johnson, wanda ya zo daga kamfanin Apple, ya ce a daina wasa da hankalin mutane: a soke yawan garabasa da takardun ragi, a sa farashi mai sauƙi na gaskiya kullum. Cikin shekara guda ciniki ya faɗi da kusan kashi 25. A watan Afrilun 2013 aka sallame shi, kantin ya koma gidan jiya. Mutane sun fi son a ce musu rigar dala 40 ce an bar musu a 20, da a ce musu rigar dala 20 ce tun asali.

Tunda haka zuciya take, mai son zuciya zai yi amfani da ita. Ya ɗauki kayan naira 5,000, ana saura mako biyu biki ya mayar da shi 8,000, ranar biki ya rubuta ragin kashi 40. Ka biya 4,800 kana godiya, alhali naira 200 aka rage maka. Wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna. Tarayyar Turai ta yi masa doka: tun 28 ga Mayun 2022, duk wanda zai tallata ragi a kan kaya dole ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar a kwana 30 da suka wuce. Steam ma yana da ƙa'idarsa, mai wasa ba zai yi ragi ba sai bayan kwana 30 da ƙara farashi. Akwai kuma shafuka kamar SteamDB da IsThereAnyDeal da ke ajiye tarihin farashin kowane wasa, ka ga yaushe ya hau, yaushe ya sauka, nawa ne mafi arahar da aka taɓa sayar da shi. Wanda ya leƙa nan sau ɗaya zai ga abin da zai kwantar masa da hankali: ragin da ake cewa na yau ne kawai, an yi shi a Yuni, an yi shi bara, kuma galibi zai dawo.

Wani ɗan lissafi da ke ruɗa mutane: in aka ce ragin kashi 50, sannan ƙarin kashi 20 a kai, ba kashi 70 ba ne. Dala 100 ta koma 50, a cire kashi 20 na hamsin ɗin, saura 40. Ragin kashi 60 ke nan.

Bayan turke sai agogo. A shekarun baya Steam yana da ragin walƙiya, wanda ke zuwa na 'yan awanni ya wuce, mutane har tashi suke cikin dare su duba kada ya kuɓuce musu. A watan Yunin 2015 kamfanin ya fito da tsarin mayar da kuɗi: in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga wasan awa biyu ba, kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka. Kafin shekarar ta ƙare aka daina ragin walƙiya, farashin ranar farko ta garabasa shi ne na ranar ƙarshe. Kada ku ɗauka tausayi ne zalla ya kawo mayar da kuɗin. Tun 2014 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta maka Valve a kotu kan hana mutane haƙƙinsu na mayar da kaya, kuma a Disambar 2016 kotu ta ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3.

Amma agogon bai mutu ba, ya koma cikin wasannin da ake cewa kyauta ne, inda ake sayar wa yara riguna da makaman ado na cikin wasa. Iyaye, a nan nake roƙon ku buɗe kunne. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a sasantawarsa da hukumar kasuwanci ta gwamnatin Amurka. Miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane ne, saboda an tsara maɓallan wasan yadda taɓawa ɗaya cikin kuskure ke cire kuɗi, yara kuma suna saye ba da sanin iyaye ba. A 2024 hukumar ƙasar Holan ta sake cin kamfanin tarar sama da yuro miliyan 1, ciki har da laifin sa agogo mai ƙirga lokaci a kan kayan da ba lallai su ɓace ba in lokacin ya cika. Yaro ɗan shekara goma ba shi da ƙarfin da zai yi jayayya da agogon da ke ce masa saura minti biyar. Don Allah kada a bar lambar katin banki a ajiye cikin wayar yaro ko na'urar wasansa. In zai sayi abu, ya zo ya faɗa, a duba tare.

Shi wannan Epic ɗin yana da nasa shagon tun Disambar 2018, ya fara da la'adar kashi 12, kuma kowane mako yana raba wasa kyauta, a ƙarshen shekara ma kusan kullum. A watan Mayun 2020 da ya raba Grand Theft Auto V, cunkoso sai da ya durƙusar da shagon na awanni. Banza ba ta kai zomo kasuwa: so yake ka buɗe asusu, ka saba da ƙofarsa. Karɓi kyautar in kana so, ba laifi, ka dai san dalilinta. Kamfanin Nintendo na Japan kuma ya ɗauki wata hanyar, da wuya ya yi babban ragi a kan wasanninsa, don kada ya koya wa mutane jira.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu dawo gida, don lissafin mai sauraro a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya bambanta da na yaron da ke Amurka. A Najeriya da dala ake sa maka farashi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wasan dala 60 ya kama naira 27,600. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, a 2024 dala ta haura 1,500. A wannan farashi wasan dala 60 ya zama naira 90,000, ya fi mafi ƙarancin albashi na wata guda, wanda aka mayar 70,000 a Yulin 2024. Wanda aka yi wa ragin kashi 75 kuwa ya kama 22,500. Kun ga ragin da ake yi wa kirari kaɗan kawai ya sauke ka ƙasa da inda cikakken farashi yake a da. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi samun natsuwa ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma su ma yuro 60 ta haura sefa 39,000. Saboda haka kafin ka ce abu ya yi araha, mayar da shi kuɗin da kake cefane da shi.

Sannan ga data. Manyan wasanni irin su Red Dead Redemption 2 da Baldur's Gate 3 suna neman wurin gigabait 150 a kwamfuta. Mai intanet ɗin gida marar iyaka bai san wannan ciwo ba. Kai da ke sayen data da awo, kana jiran a kawo wuta, sauke wasan na iya cin kuɗin da ya kusa na wasan ko ya fi. Ga kuma ƙarfin kwamfutar: kowane wasa an rubuta irin na'urar da yake buƙata a ƙasan shafinsa, kuma yara da yawa ba sa karantawa sai bayan sun biya.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya sani, wasan da ka biya a shagon intanet ba naka ba ne yadda faifai yake naka. Izinin amfani aka sayar maka. Ba ka iya sayar da shi gwanjo, ba ka iya kai shi kasuwar Farm Centre a yi musaya. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasansa The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗuwa. A shekarar ne jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa shaguna faɗin gaskiya kan haka, Steam kuma ya fara rubutawa a wurin biya cewa lasisi kake saya.

A daren nan da na ba ku labari, ni da ɗan ƙanwata ba mu tashi ba sai da muka yi abu biyu. Muka duba wasannin da ya saya a makon, uku ba su kai kwana 14 ba kuma bai buɗe su ba, ya cika takardar mayarwa, bayan 'yan kwanaki kuɗinsa suka dawo. Sannan na ce ya rufe kwamfutar, ya ɗauko takarda da biro, ya rubuta wasannin da yake so da gaske ba tare da yana kallon shagon ba, kowanne ya sa masa kuɗin da zai iya biya da naira, haɗe da kuɗin data. Ya daɗe yana tunani. Uku ya rubuta. Ya sa su a jerin buri na shagon, wanda ke aiko wa mutum saƙo in farashi ya sauka, ya liƙa takardar a bango kusa da teburinsa.

Da Yuni ta zo ya kira ni a waya. Ya ce, "Kawu, ɗaya ya sauko ƙasa da abin da na rubuta, na saya. Biyun ba su kai ba tukuna, na bar su sai Disamba." Na tambaye shi goma sha huɗun da suka rage a akwati fa? Ya ce ya gama biyu, yana kan na uku.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)